Gimbiyar da Ke Bayan Bango

Fanna tana durƙushe a tsakar gida tana juya tattasan da ta shanya lokacin da motar ta tsaya a ƙofa. Ba ta buƙaci leƙawa ba. A Diffa ko kaza ta san bambancin kukan motar ƴan agaji da na motar masu kaki. Hannunta ya tsaya cak cikin jan tattasan.

Takalmansu sun riga sallamarsu shigowa. Babbansu wani dogon soja ne mai muƙamin ajidan, Hausarsa ta mutanen yamma. Ya dubi ɗakuna, ya dubi rufaffiyar ƙofar ɗakin ajiya, sannan ya dube ta.

"Nan ne gidan Grema?"

Kafin ta haɗa amsa, mijinta ya fito daga ɗaki da hula a hannu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

"Ni ne Grema. Lafiya dai, ajidan?"

"Lafiyar ke nan. Ina Gimbiya?"

Fanna ta ji ƙasa ta yi mata nisa. A duk duniya mutum biyu ne suka san wannan sunan, ita da mijinta, kuma ga su nan a tsakar gidan.

* * *

Gimbiya babur ce. Grema ya saye ta a shekarar da tattasai ya yi albarka a bakin Kumadugu, tun kafin kogin ya zama abin da ake kallo da tsoro. Injinta ƙarami ne, ba ta shan mai, kuma kuɗinta daidai ƙarfin talaka. Sai dai an ƙera ta da fasalin manya: kujera mai faɗi a ƙasa-ƙasa, hannuwa dogaye masu lanƙwasa kamar ƙahon shanun Kuri, ga salansa mai ƙyalli. Sauran manoma sun sayi irin wanda ake ɗora wa buhu huɗu. Grema, da yake Allah ya yi shi da son burga, ya sayi wanda ake zama a kansa a miƙe ƙafa a kishingiɗa.

"Baban Fatime, wannan ai ko buhu ɗaya ba za ta ɗauka ba," Fanna ta ce masa ran da ya kawo ta.

"An taɓa ɗora wa gimbiya kaya?" ya ce, sunan kuwa ya bi ta.

Gaskiya dai Fanna ma ta so ta. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan ɗauke ta su bi gefen gonaki, injin yana gunaguni a hankali, iska tana wasa da lafayarta.

Daga nan mutanen daji suka fara tsallako kogi a kan babura, hukuma ta hana hawan babur gaba ɗaya. Wanda aka gani da shi, ya shiga uku. Wasu suka tsallakar da nasu suka sayar a wulaƙance, wasu aka karɓe. Grema ya kasa. Ya kwaɓa ƙasa ya ja wani bango a ƙuryar ɗakin ajiya, ya rufe Gimbiya a ciki, ya bar ƴar kafa a bayan buhuna daidai shigar hannu. Duk Juma'a sai ya zura hannu ya ɗiga wa sarƙa mai, yana lallashi kamar mai jinya.

"Yi haƙuri, Gimbiya. Babu wanda ya san kina nan. Ranarki na nan tafe."

"Ka rage murya," Fanna takan ce. "Zana ba ta riƙe magana."

Tana da dalilin tsoro. A waɗannan shekaru ba a neman shaida, yatsa ya isa. Wanda kuka yi sa-in-sa kan layin ban-ruwa, ko wanda ka riga samun katin agaji, yana iya zuwa ya raɗa cewa kana da hannu da daji. Haka aka yi wa maƙwabcinsu Abdullateef, wanda ya gudo da iyalinsa daga tsallaken kogi. An ɗauke shi wata safiya yana alwala, har yau ba wanda ya faɗa wa matarsa Ummi ko yana raye. Bara aka sassauta dokar, babura suka dawo cikin gari da rana, amma Grema bai taɓa bangon ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

* * *

"An kawo mana labari," ajidan ya ce, "kana ɓoye mace a gidan nan. Matar wani babba daga cikin na daji. An ji kana ce mata ta yi haƙuri, ranarta na zuwa."

Fanna ta dubi mijinta. Ta san abin da yake aunawa: in ya yi shiru, mace ce, in ya yi magana, babur ne da aka ɓoye shekara da shekaru. Ko wanne na iya kai mutum inda aka kai Abdullateef. Amma ɗaya ƙarya ce, kuma ƙarya ba ta da ƙarshen da za a kama.

"Baban Fatime," ta ce, "nuna musu."

Aka janye buhuna. Wani soja ya ɗauki diga, sauran suka ja baya suka ɗaga bindigogi. Kafin nan kawunan maƙwabta sun jeru a saman zana. Sara uku bangon ya rufta. Da ƙurar ta lafa, sai ga fitila ɗaya mai zagaye tana kallonsu ta cikin saƙar gizo-gizo, tayoyi a kwance, sarƙa kuwa tana sheƙi da mai kamar jiya aka saye ta.

Mai digar ne ya fara tuntsirewa, dariyar ta kama sauran, ta haura zana ta bi unguwa.

"Wannan ce Gimbiya?"

"Ita ce, ajidan."

"Moto irin wannan na yawo a gari tun bara, kai kana nan kana kiwon gizo-gizo?"

"Tsoro ne, ajidan. Wallahi tsoro ne kawai."

Ajidan ya shafa fuskarsa don ya ɓoye murmushi, amma aiki aiki ne. Aka ɗaga Gimbiya aka ɗora a mota, aka ce Grema ma ya hau. Fanna ta bi su har ƙofa da ɗayan takalminsa a hannu. Da ta juyo, cikin duk fuskokin da ke dariya a saman zana ta ga ɗaya da ba ta dariya. Ummi ce. Kallon ramin bangon take, hawaye na zuba, irin kallon manomin da ya tarar fara ta riga shi gona.

* * *

Ranar Fanna ba ta ɗora tukunya ba. Mata suka shigo suna jajanta mata suna ƙunshe dariya, ta rasa wanda za ta yarda da shi a cikinsu. Duk motar da ta wuce sai ta miƙe. Ta tuna cewa Abdullateef ma an ce tambayoyi kaɗan za a yi masa.

La'asar sakaliya ta ji wani ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, yana tahowa daga bakin layi. Ta fita babu mayafi. Grema ne, jiƙe da gumi, yana tura Gimbiya a kan sassaken tayoyinta, jama'a na yi masa barka.

"Sun buɗe tanki sun ga tsatsa," ya ce yana haki. "Suka ce wannan ko lahira ba ta kai mutum, bare daji. In je in yi mata lamba kawai."

Fanna ta zauna a dokin ƙofa. Daɗi ya cika ta har ya yi mata ciwo a ƙirji. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta yi hamdala, sannan ta ɗago ta ce, "Daga yau in za ka yi hira, ka yi da ni. Ni ba a zuwa da bindiga a neme ni."

* * *

Sai da makanike ya yi mako biyu yana zagin tsatsa kafin injin ya yi tari ya tashi. Ranar Juma'a Grema ya sa farar riga, Fanna ta naɗa lafayarta ta hau baya. Ba su doshi kogi ba, can har yanzu ba wurin yawo ba ne. Kwalta suka bi zuwa bakin gari. Kujerar tana nan da taushinta, gunagunin injin yana ratsa bayanta, iska mai ɗumi tana dukan fuskarta. Ta ji kafaɗun mijinta sun sauka a karon farko cikin shekaru.

A hanyar dawowa suka hango mace tana tafe ita kaɗai a gefen titi, daga wajen barikin sojoji. Fanna ta taɓa kafaɗar Grema, ya tsaya. Ta sauka.

"Wushe, Ummi," ta gaishe ta.

Ummi ba ta ɗago ba. Ta rame har zoben hannunta yana yawo a yatsa.

"Ya Fanna, ni ce," ta ce. "Kin riga kin sani."

"Na sani. Dalilin ne ban sani ba. Me muka yi miki?"

"Ba ku yi mini komai ba. Wani mutum ne a bakin ƙofar can, ba ma mai kaki ba ne, ya ce mini hannu wofi ba ya buɗe ƙofa. Ya ce in na kawo labari mai ƙwari, za a duba mini maganar Abdullateef. Na ji Ya Grema ta bayan zana. Wallahi na zaci mutum ce." Ta goge ido da bakin mayafi. "Yanzu ko kallona ba sa yi. Sun ce ni ce matar moto."

Haushin yana nan a ran Fanna, amma tausayi ya danne shi. Ta dubi ƙafafun matar, sun yi furu-furu, ga gida da nisa.

"Baban Fatime, kai ta gida. Ni zan taka."

Grema ya dubi matarsa, sannan ya tada injin. Ummi ta hau a ɗarare, ta zauna can ƙarshen kujera, ba ta riƙe komai ba. Har ya sa giya sai ta sunkuyo ta kama hannun Fanna, ta rage murya yadda ko Grema ba zai ji ba.

"Ya Fanna, ke da kike shiga gidajen mutane. Ba ki ji wani abu ba da zan kai musu? Ko ɗan kaɗan ne."

Babur ɗin ya ja, hannun ya zame daga nata. Fanna ta tsaya a gefen kwalta tana kallonsu suna ƙanƙancewa, Ummi ta waiwayo tana jiran amsa.