Mutum Uku

Yaren kwamfutar ɗaya ne, amma karinsa ya kai bakwai, kowane da yadda yake buɗe umarni da rufe shi. Da kwamitin da ke kula da yaren ya gaji, sai ya ce za a dunƙule su a ƙa'ida guda. Duk karin da mutum uku suka rubuto cikin kwana talatin cewa da shi suke aiki, za a ba shi gurbi. Sauran kuwa, sabbin na'urori ba za su ƙara gane su ba.

Gwaggo, kamar yadda 'yan ofis ke kiranta, ita da yayanta marigayi suka ƙirƙiro kari na bakwai shekara talatin da suka wuce. Teburinta na can ƙarshen baranda, kusa da injin buga takardu, inda ba a zuwa sai takarda ta maƙale. A ranar da aka yi sanarwar ta rubuta wa kwamiti. Saura mutum biyu.

Ta tono tsohon littafin adireshi, ta aika saƙo arba'in. Rabinsu suka dawo, wai babu mai wannan adireshi. Wani tsohon abokin aiki ya amsa da fara'a cewa kaji yake kiwo yanzu, ko alama ɗaya bai tuna ba. Sauran shiru, kamar an shuka dusa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don wasunsu ita ta koya musu riƙe aikin.

Ranar ƙarshe da hantsi 'yarta ta leƙo ofis, ta tarar da shayi ya huce a gabanta.

"Mama, wannan ai mai sauƙi ne. Kawo in sa sunana, in kira maigidana shi ma ya sa. Wa zai bincika?"

Gwaggo ta juyo mata da allon kwamfutar. "Karanta min layin nan."

'Yar ta ƙura ido, ta yi dariyar kunya. "Haba Mama, kin san ba fannina ba ne."

"To ba masu sona suke nema ba, 'yar nan. Masu jin yaren suke nema."

Ƙarfe huɗu kwamiti ya rufe karɓar suna. Gwaggo ta jawo kujera, ta rubuta layi ɗaya da salon yayanta, ta rufe shi yadda yake rufewa. Tsohuwar kwamfutar ta amsa nan take, kamar kullum. Da ana ƙirga ta, da sun zama biyu.