Jan Maɓalli

"Kun gane?"

"Mun gane, Malam!" Ajin ya amsa da murya ɗaya har tagogi suka ɗauka.

Malamin lissafi ya karkaɗe alli daga hannunsa, ya dubi shugabar makaranta da ke tsaye a bakin ƙofa. Ita ce ta matsa masa sai ya gwada 'yan na'urorin nan da aka raba wa ɗalibai, kowacce da maɓalli kore da ja. Shi kam bai ga amfaninsu ba. Tun yana da baƙin gashi yake wannan tambaya, har yara suka laƙaba masa Baba Kun-gane, kuma ba a taɓa ce masa a'a ba.

"To, ku danna mu sallami Shugaba," ya ce yana murmushi. "Wanda ya gane lissafin kaso, kore. Wanda bai gane ba, ja. Na'urar ba ta nuna suna."

Majigi ya haska bango. Ja ya fara hawa, ya yi ta hawa, kore kuwa ɗan tsito a gefe. Ga jarrabawa mako mai zuwa. Malam ya ji kunya ta rufe shi, ya ji kuma haushi, don shi a ganinsa bai taɓa ha'intar yaran nan ba.

"Na'urar nan ta samu matsala," ya ce.

Idonsa ya sauka a benci na biyu, kan autarsa, wadda yake zaunar da ita kullum bayan an tashi ya sake yi mata darasi. Kanta a sunkuye yake, babban yatsanta har yanzu a kan jan maɓalli.

"Auta, har da ke?"

"Baba, in mutum ya ce bai gane ba, sai fuskarka ta canza," ta ce a hankali. "Ba ma son ranka ya ɓaci."

Shugaba ta ja ƙofa ta tafi. Malam ya ɗauki tsumma ya goge allon tas, ya faro daga tushe, sannu a hankali, da misalin raba lemo.

Da ya kai ƙarshe ya juyo, bakinsa ya buɗe da tambayar da ya saba. Ya haɗiye ta.

"Ku danna," ya ce, ya juya musu baya don kada su ga fuskarsa.