Yafiyar da Musa Ya Kasa Karɓa

Alhaji Zubairu mugun uba ne, kuma maƙaryaci. Shi ya miƙa wa ɗansa Bashir makullin mota tun yaron bai san darajar rai ba, da motar ta ci rai kuma ya nemi talakan da zai ɗora wa jinin. Masu cewa a rufa wa babban mutum asiri su yi haƙuri, wannan ba na rufewa ba ne.

Talakan shi ne Musa, direban gidan, mutumin Ringim. Ya daɗe yana tuƙa Alhaji, tun gidan nan na Nassarawa bai zama bene ba. A ɗakin bayan gidan yake zaune da matarsa Kande da 'ya'yansu.

Wata Asabar aka ɗaura auren abokin Bashir. Samarin unguwar suna da wata al'adar banza: da an shafa fatiha sai su fito titi da motocin iyayensu wasan mota, a taka wuta, a ja birki, mota ta juya tana kururuwa, tayoyi na hayaƙi, abokai na tafi. A daidai lokacin Malama Salomi ta fito daga darasin Asabar da take yi wa 'yan aji shida. Tana gefen titi tana jiran adaidaita sahu, motar Bashir ta ƙwace, ta haɗa ta da katangar makarantar. Ko shurawa ba ta yi ba.

Bashir ya ja baya, ya gudu gida, mai gadi ya rufe ƙofa. Gilasan motar baƙaƙe ne, ba wanda ya ga fuskar mai tuƙi. Amma an ga gidan da ta shiga.

Musa na tsugune yana wanke ɗaya motar, sai Alhaji ya kira shi falo. Bai taɓa zama a kujerar falon nan ba sai ranar.

"Malam Musa, zauna mana. Kai ai ɗan gida ne."

"Ranka ya daɗe, nan ƙasa ma ya isa."

"Zauna. Ka ga abin da Allah ya ƙaddara. Yaron nan ko lasisi ba shi da shi, ga karatunsa. Kai kuwa kana da takardunka. Ka ce kai ne, birki ya tsinke. Lauya zai fito da kai gobe, mu je mu nemi yafiya, a janye magana. Iyalinka suna wuyana."

Musa ya ji hayaniyar mutane a waje, ana dukan ƙofa da duwatsu. Ya tuna ɗakin baya, da tukunyar Kande, da cewa duk Kano ba shi da inda zai ajiye ko tabarma in an kore shi. Ya ce, "To, ranka ya daɗe." 'Yan sanda suka fita da shi, jama'a na tofa masa yawu. Ɗan da ya yi kisan yana sama, ana ba shi ruwan sanyi.

Gari ya ɗauka. Hoton gawar ya zaga wayoyi, domin waɗanda suka fara isa wurin waya suka ɗaga, ba mayafi suka nema suka rufe ta ba. A rediyo masu kira suka yi ta zagin direbobi, wai jahilai ne, 'yan ƙwaya. Wani ya ce a yi tudun rage gudu a gaban kowace makaranta. A teburin mai shayi wani ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, ko a gado take sai ta tafi." Haka muke. Mu yi ganganci da hannunmu, mu kira shi ƙaddara. Iyayen da ke ba 'ya'yansu makulli kuwa ba wanda ya ambace su.

Musa ya fito beli ya daina cin abinci. Ya san Malama Salomi, shekara da shekaru yana kai ƙannen Bashir makarantar. Kande ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, kai da ko kaza ba ka taɓa takewa ba. Yanzu yaran nan in sun fita ɗibar ruwa ana nuna su."

"Ki bari, Kande. Magana za ta wuce."

Bayan an yi jana'iza Alhaji ya haɗa tawagar neman yafiya: dattawa biyu, lauya, buhun shinkafa a bayan mota. Shi bai je ba, ya ce hawan jininsa ya tashi. Aka sa Musa a gaba zuwa Badawa, gidan hayar da marigayiyar ta bari.

Ɗakin cike yake da matan coci suna waƙa a hankali. Mijinta Sebastian, akawu ne a wani kanti, yana zaune a kan benci, idanunsa sun kumbura. 'Yarsu Loretta ta kwantar da kai a cinyarsa, da takalmin uwarta a ƙafarta, ya yi mata yawa. Dattawa suka yi ta'aziyya, suka jero maganar haƙuri da ƙaddara. Musa ya durƙusa zai faɗi abin da lauya ya koya masa, Sebastian ya riga shi.

"Kai ne Malam Musa? Tashi, don Allah, ka girme ni. Na san sunanka tun ban san fuskarka ba. Kullum in ta dawo sai ta ce duk masu kawo yara kai kaɗai ne kake tsayawa cak sai ɗan ƙarshe ya tsallaka. Sarkin birki take ce maka." Ya shafa kan 'yarsa. "Da aka ce kai ne, na ce to lallai birkin ne. Mutumin da Salomi ta yaba ba zai kashe ta da ganganci ba. Na yafe maka. Ita ma na san ta yafe."

Lauya ya saki ajiyar zuciya. Wani dattijo ya ɗaga hannu zai yi addu'a.

Musa ya kasa tashi. Zagin rediyo bai karya shi ba, yawun jama'a ma ya share ya haƙura. Amma ga mutum an kashe masa mata, ya ɗauki abu ɗaya da ya rage masa ya bayar, kuma ƙarya ce za ta karɓa ta kai wa wanda ko ta'aziyya bai zo ba. Hawaye suka zubo masa har gemu.

"Baban Loretta, riƙe yafiyarka. Ba tawa ba ce."

"Malam Musa!" in ji lauya. "Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, yallaɓai. Baban Loretta, ba ni na tuƙa ba. Ina wanke mota aka kashe matarka. Bashir ɗan Alhaji ne, wasan mota yake yi. Birkin lafiyarsa ƙalau, ni na kai aka sa sabo."

Waƙar mata ta tsaya. Sebastian ya toshe kunnen 'yarsa da tafinsa ya ce, "Wasa? Wasa ake yi?" Ya sa aka mayar musu da shinkafarsu.

Kafin la'asar an watso kayan Musa waje. Kande ta ɗaure tukwanenta a zane, ba ta ce masa don me ba. Suka raɓa a wurin wani ɗan garinsu a Gama. A unguwar masu hali ba wanda ya sake ɗaukarsa aiki, wai ba ya riƙe sirrin gida. Ya maimaita maganarsa a gaban 'yan sanda, ya maimaita a kotu, mai gadi ma ya ji kunya ya faɗi wanda ya buɗe wa ƙofa. Sebastian bai janye ƙara ba.

Kotu ta ɗaure Bashir shekara biyar. Alhaji Zubairu kuwa ta ɗaure shi shekara biyu kan ƙaryar da ya ƙulla, ba zaɓin tara.