Mutumin da ke cikin hoton

Ni Nafiou, bakina ne ya cuce ni, ba kowa ba.

Ina aiki a wani ofishin kago, na tura kaya, a Port Saeed ta Dubai. Ran wata Talata sai ga Madam Lubna, shugabar ƙungiyar masu kiwon karnukan Azawak a Dubai, mutanen da ke yi wa kare wanka da shamfu su kwantar da shi a ɗaki mai sanyi. Ƙungiyarsu ta cika shekara ashirin, za su tafi Nijar su ga tushen karnukansu, tana so mu tura musu kaya Tahoua.

Da ta ji ni ɗan Abalak ne, can jihar Tahoua, sai ta zaro wani tsohon hoto. Wani mutum ne a tsugune, ya dafa doguwar karya ja.

"Wannan ce kakar duk karnukanmu," in ji ta. "Kyauta mutumin nan ya ba da ita, wai a wajensu ba a sayar da kare. Ka san shi?"

Babana ne. Har dogon carbin nan nasa yana rataye a wuyansa.

To, Baƙo abokin aikina yana gefe, ya riga ya fara murmushi, kuma bakinsa ba linzami. Tun ina lakwal, makarantar boko, ake kirana ɗan mai karnuka, har ɗan kwikwiyon da Baba ya zaɓa mini na ƙi karɓa a gaban abokaina. Na ga kafin la'asar unguwarmu Deira kaf ta ji.

"Ban san shi ba," na ce.

Bayan wata guda ta dawo, fuskarta duk ta ƙone da rana, sai murna take yi. Sun sami Baba, ya yanka musu rago, ya kai su daji suka ga yadda ake farauta.

"Na gaya masa akwai wani Nafiou ɗan garinsu a Dubai, amma Nafiou ɗin ya ce bai san shi ba. Sai tsohon ya ce in kawo maka wannan."

Ɗan abin wuyan fata ne, wanda ya ɗinka wa kwikwiyon nawa. Ashe duk shekarun nan yana ajiye da shi. Kunya ta rufe ni, na yi nadamar da ban taɓa yi ba.

Na fita bakin ruwa na kira shi. Lambata tana wayarsa, ni na sa masa da hannuna.

"Baba, ina wuni?"

Ina jin haushin karnuka a bayansa.

"Lafiya lau," ya ce. "Wa ke magana?"