Ranar da Hajiya Kyauta Ta Ɗauki Fasinja

A ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Kiru babu mace ko ɗaya. Ba doka ce ta hana ba, iyaye da mazaje ne kawai ba su ga dalilin da zai sa tasu ta tsaya tsakiyar tasha tana zagin kwandasta ba, ko da zagin na wasa ne. Saboda haka duk wasan da ya buƙaci mace, Ghali ake yi wa kwalliya. Ghali kafinta ne, ga faɗin kafaɗa ga ƙafa kamar faranti, amma da ya shiga atamfa ya maƙale murya sai ya zama Hajiya Kyauta, attajirar nan mai tuƙi tana waya. A ƙarshen kowane wasa yakan kama gashin kansa ya tuɓe gaba ɗaya, askin ƙwal-kwabo ya bayyana yana ƙyalli, kasuwa ta ɗauki ihu. Ghali ya fi son wannan ihun a kan sana'arsa, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar da ya haɗa zai ba da shaida.

Wata ranar kasuwar Tudun Wada aka gayyace su su yi wasa a kan tuƙin ganganci. Sauran 'yan wasan suka yi gaba a bas da lasifikarsu, har da shugabansu Mudassir. Ghali ya tsaya gida, domin ƙanwarsa Ramla ce ke ɗaura masa hular gashin, ita kuwa Ramla ba a sa ta gaggawa. Gashin kanti ne, dogo har gadon baya. Ta taje shi, ta shafa masa mai, ta kafe shi da fil, sannan ta ja baya ta dubi aikinta.

"Yaya, kada ka ɗaura ɗankwali sai ka isa. Zai kwantar min da gashin."

"In iska ta kaɗa fa?"

"Ka rufe gilashi. Mata ma haka suke yi."

Ramla ba ta taɓa tuƙa ko keke ba, amma ta faɗi maganar kamar ita ta yi titin. Ghali ya yafa gyale sama-sama, ya shiga tsohuwar motar da ƙungiya ke arowa. Yana da nasa ƙa'idojin tuƙi cikin kayan mata: takalmi mai tsini a ajiye shi a kujerar gefe, zani a naɗe shi zuwa gwiwa don kada ya harɗe birki, awarwaro a tura su sama. Ya rufe gilasai ruf. Motar ba ta da na'urar sanyi tun zamanin mai ita na farko, don haka kafin ya kai Kwanar Dangora hodar fuskarsa ta fara zama kunu.

Ya karya kwana ya ɗauki hanyar Tudun Wada, ya yi 'yar tafiya, sai ga wata tsohuwar Bafulatana tsaye a tsakiyar kwalta ta ɗaga sanda. Ba a gefe ba, a tsakiya. Ya taka birki. A gindin wata ɗorawa wata yarinya ce durƙushe da tsohon ciki, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta cije gefen mayafinta.

Tsohuwar ta buɗe ƙofar gaba ba tare da sallama ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta juya ta ɗaga murya.

"Bushra, taso! Allah ya kawo mana mace."

Ghali ya buɗe baki zai gyara zancen, tsohuwar ta riga shi. Sunanta Adda, ta ce, goggon yarinyar ce. Naƙuda tun jiya, haihuwar fari, ungozoma ta yi iya yinta ta ce a tafi asibiti. Mijin, Hamman, yana can wajen Doguwa da shanu. Motocin haya sun tsaya musu, har wani direba ya ce zai sauke fasinjan gaba, amma Bushra ta ƙi shiga. Ta ce gara ta mutu a gindin ɗorawar nan da ta yi nishi a gaban maza.

"Kin san halinmu, Hajiya," in ji Adda, tana kallonsa cikin ido. "Kunya."

Ghali ya san wannan hali. Ya kuma san abin da jinkiri ke yi, domin mahaifiyarsa wajen haihuwar Ramla ta rasu, a ɗaki, ana jiran mota. Tsoro ya kama shi sosai. Ya haɗiye muryarsa ta kafinta, ya lalubo ta Hajiya Kyauta.

"Ku shigo, ku shigo. Sannu, 'yar uwa."

Suka shiga baya. Ko giya ta uku bai sa ba Bushra ta saki mayafin da ta cije. Abin da ta danne tun jiya ya fito gaba ɗaya. Ta kira Allah, ta kira innarta, ta yi wa Hamman wasu kalamai da Fulatanci waɗanda ba sai an fassara ba. Ta ce wa goggonta ta kwance mata zani. Ghali ya kai hannu ya murɗe madubin tsakiya ya kalli rufin mota, ya kafe idonsa a kan titi.

"Iska," in ji Bushra. "Goggo, zan shiɗe."

Adda ta murza gilashin baya ya sauka. Ta miƙo hannu ta murza na gefen direba ma.

Gyalen ne ya fara tafiya, ya fice ta taga ya nufi gonar wani. Sannan gashin Ramla, wanda aka hana ɗaure shi don kada ya kwanta, ya tashi tsaye. Ya rufe wa Ghali ido, ya shige masa baki, ya manne a jan-baki. Ya sa hannun hagu ya share, ya dawo. Ya share, ya dawo da 'yan uwansa. Ta tsakanin silin gashi ya hango tirela ta taho ɗauke da buhunan masara tana kauce wa rami, wato tana tahowa ta hannunsa. Ya sauka gefen titi da taya biyu, motar ta yi tsalle, tirelar ta wuce tana oda. Mutumin da aka gayyata ya koya wa direbobi hankali ya kusa zama misalin da za a riƙa bayarwa.

Tsallen ya fizge fil ɗin. Ghali ya ji hular gashin ta saki, tana zamewa baya, iska ta fara taɓa fatar kansa. Hannu ɗaya na kan sitiyari, ɗaya na kan giya, ba shi da na uku. Idan ta faɗi, kan cinyar Bushra za ta faɗa. Yarinyar da ta zaɓi mutuwa a kan namiji ya ji nishinta za ta ɗago ta ga ƙeyar kafinta, kuma bai san abin da za ta yi da ƙofar mota mai gudu ba.

Sai ya ji tafin hannu ya sauka a tsakar kansa, mai kaushi, mai ƙarfi, irin na wadda ta yi shekaru tana tatsar shanu. Adda ta mayar da hular mazauninta kamar mai rufe ƙwarya da faifai. Da ɗaya hannun ta tattare gashin daga fuskarsa, ta murɗe shi a baya, ta riƙe.

"Gashinki ya yi yawa, Hajiya," ta ce. "Mai tuƙi ɗaurewa take yi."

"Haka ne, Goggo," in ji Hajiya Kyauta.

Haka suka yi sauran tafiyar, hannun Adda ɗaya a kan direba, kafaɗarta tana tare Bushra. Duk ramin da suka faɗa sai ta ƙara dannawa, har wuyan Ghali ya sage. Can da ciwon ya ɗan lafa, Bushra ta yi magana da ƙyar.

"Hajiya, yaya sunanki? In yi miki addu'a."

Kyauta ba zai faɗu ba, don rabin masu zuwa kasuwannin nan sun san ko wace ce Hajiya Kyauta. Ya nemi wani sunan mace a kansa, duk suka gudu, saura ɗaya.

"Salamatu," ya ce.

Sunan mahaifiyarsa ne. Tunda aka haife shi bai taɓa furta shi da bakinsa ba sai ranar, kuma da muryar wasa.

A ƙofar asibitin Tudun Wada ma'aikata mata suka fito da keken marasa lafiya suka shige da Bushra. Sai a lokacin Adda ta ɗauke hannunta. Ta kwance ɗan ƙyallen da ke ɗaure a sandarta, ta ɗaure masa gashin tamau, ta zagayo ta tsaya a taga.

"Mi yetti, ɗana. Na gode."

Ghali ya tambaya da muryarsa ta gado: "Tun yaushe kika sani, Goggo?"

"Tun da na buɗe ƙofa na ga ƙafarka a kan birki. Na tsufa, amma ban makance ba. Mace nake nema, ban samu ba, na samu mai kama da ita." Ta gyara riƙon sandarta. "Na taɓa ganin wasanka a Kwanar Dangora. Na ga abin da kake yi a ƙarshe. Yarinyar nan ba ta daɗe da zuwa ƙasar nan ba, amma in ta yi arba'in za ta fara kawo nono kasuwa, nan da can. Ta ga fuskar nan da kyau."

Ba ta roƙe shi komai ba, amma ya gane: ranar da Bushra ta ga ya tuɓe gashin nan a kasuwa, za ta san a gaban wa ta yi nishi. Ta juya ta bi 'yarta ciki.

Ghali ya zauna a motar har aka leƙo aka ce wa wata mai shara ta gaya wa hajiyar nan an sauka lafiya, mace. Daga inda yake yana jin lasifikar Mudassir a kasuwa tana cewa jama'a su ƙara haƙuri, Hajiya Kyauta na kan hanya. Ya tayar da mota ya koma Kiru, gilasai a buɗe, gashi a ɗaure.

Mudassir ya yi faɗa har muryarsa ta dishe. Ramla ta yi nata faɗan a kan gyale. Ghali ya ce wa kowa hular ce ke sa masa ciwon kai, ya kuma ce Hajiya Kyauta ta yi ritaya. Aka gwada wani a matsayin, bai yi ba. Shi kuma aka ba shi ɗan sandan da ke shigowa a ƙarshe ya ce kowa ya watse. Ba wanda ya taɓa yi wa ɗan sandan nan ihu, kuma abin yana damun Ghali, ba ya ɓoyewa.

Bayan damina suka koma Tudun Wada da wani wasan. Da aka tashi, Ghali ya je rumfar masu fura da kakinsa na ɗan sanda. Wadda ta dama masa Bushra ce, tana da goyo, yarinya mai manyan idanu tana leƙowa ta kafaɗa. Ba ta ko ɗago ta dube shi ba, namiji ne.

Ya miƙa wa jaririyar yatsa, ta kama.

"Sannu, Ummi," ya ce.

"Salamatu sunanta," in ji Bushra, idonta a kan ludayi. "Sunan wata hajiya mai mota aka sa mata."

"Sunan mahaifiyata ne. Ba na iya faɗa."

"Allah sarki. Tana raye?"

"Ta rasu."

"Allah ya jiƙanta. Tawa Salamatun ban san inda take ba. Kullum ina yi mata addu'a."

"Tana isa," in ji Ghali, ya ɗauki furarsa.