Ramukan Dutsen Mama Sara

Jikata Hidaya mai zane ce, kuma in ta kafe a kan abu, to a ƙyale ta kawai. Kakar bana abokin aikinta Gimba ya roƙe ta ta zana gonar mahaifiyarsa, Mama Sara, da ke Garatu, don an sayar da filin, ana gama yankan dawa za a fara gini.

Kwana huɗu tana sintiri daga gidanta da ke Limawa zuwa gonar. Ta zana dawa ta sunkuyar da kai jawur, ga kunyoyin doya, ga ciyawa ta soma bushewa. Akwai wani falalen dutse a gefe, duk ramuka. Ta ga ba su da kyan gani, sai ta mai da shi sumul a zanen.

Da aka nuna wa Mama Sara, tsohuwar ta daɗe tana kallo.

"Gonar wa ke nan?"

"Taki ce, Mama."

"A'a, 'yata. Namu dutse yana da rami."

Ta ja hannun Hidaya har wurin dutsen. Ashe a nan ƙauyensu yake kafin su koma bakin titi, kuma kowace mace da ramin niƙanta.

"Nan na kakata ne. Wannan na ƙanwarta, bahaguwa ce, ga shi ya karkace. Ɗan ƙaramin nan nawa ne, bai yi zurfi ba injin niƙa ya zo."

Gimba ya ce ai gobe masu fasa dutse za su zo.

Washegari Hidaya ta tarar har sun jibga itace a kan dutsen, don da wuta suke tsaga shi. Ta ture itacen, ta haye, ta zauna da allonta.

Ogansu, Gabriel, ya ce, "Hajiya, wuta fa za mu kunna."

"Kunna mana, Oga. Ina bisa."

"Kai! Mijinki yana ƙoƙari."

"Yana yi. Matsa, inuwarka ta rufe mini rami."

Haka suka koma gindin kaɗanya suna mita. Ita kuwa tana zane, Mama Sara na faɗa mata mai kowane rami, har goma sha ɗaya. Sai bayan la'asar ta sauko, wuyanta ya ƙage.

Gabriel ya ƙyasta ashana. Mama Sara ba ta tsaya kallo ba. Ta ɗora zanen a kafaɗa, fentin ko bushewa bai yi ba, ta nufi gida.