Tukunyar Inna Sadiyya

Ita dai Mastura a ganinta abayar nan ta ɓoye komai. Ciki wata bakwai fa! Amma ta tsaya gaban madubi a gidansu na Yanbu, can ƙasar Saudiyya, ta juya hagu ta juya dama, ta ce wa mijinta Zaharaddeen, "Ai babu wanda zai gane, ko?" Bawan Allah ya ce babu, ya sungumi jaka ya yi waje yana danne dariya.

Hutun ranar ƙasa ne ya haɗu da Juma'a da Asabar, suka samu kwana uku cur, suka kama hanyar Jidda. A baki yawo za a je, a gaida ƙawaye, a sha iskar teku tunda zafi ya fara sassautawa. Amma Mastura da abin da ya kai ta. Cikin fari ne, mai cikin fari kuwa gida take komawa ta haihu, uwa ta dafa mata ruwan wanka har kwana arba'in, ta dama mata kunun kanwa. Tata uwar, Hafsa, shekara biyu ke nan da rasuwa, sauran dangi duk suna can Sudan. Mutum ɗaya ta rage mata, Inna Sadiyya ta unguwar Sa'alaba a Jidda, aminiyar marigayiyar. To da wane bakin za ta dubi babbar mace ta ce ina da ciki, ki karɓe ni? In kuma ba ta faɗa ba, a Yanbu za ta haihu, daga ita sai namijin da bai san kanwa da gishiri ba.

Gidan ƙawarta Zakiya suka sauka a unguwar Bagdadiyya. Zakiya haihuwar Jidda ce, Hausarta rabi da rabi da Larabci. Tana buɗe ƙofa ta buga guɗa.

"Masha Allah! Ya Mastura, wata nawa?"

"Wata nawa me?"

"Ke, halas! Ciki ya riga ki shigowa falo, kina cewa me?"

Da suka keɓe a kicin, Mastura ta faɗa mata damuwarta. Zakiya ta riƙe baki. "Wannan ne matsala? Yalla, ba ni lambarta in kira ta yanzu." Mastura ta warce wayar kamar za ta karya mata yatsa. Wannan ai tonon asiri ne, a ce 'yar Hafsa ta aika a yi mata shelar cikin fari.

Washegari suka shiga tsohon gari, Balad. Tituna duk an rataye koren ƙyalle da fitilu. Suka leƙa wani tsohon gida da aka mai da gidan tarihi, mai tagogin katako da matakala kamar ba za ta ƙare ba. Mastura ta hau bene ɗaya tana haki, sai ga mai gadi da kujera, ya ajiye mata. Haushi ya kama ta, amma ta zauna, don ƙafafun sun kumbura sun yi suntum. A waje mai sayar da balila, dafaffen waken nan mai tsami, ya ƙara mata cokali biyu ya ce na baƙo ne mai zuwa. Ta harare shi, ta kuma cinye tas, har ta sa Zaharaddeen ya karɓo wani kwanon.

Da la'asar sakaliya suna bakin teku suna kallon ruwan nan da ke tsiri sama, ta yi ta bitar maganarta. "Inna, dama dai..." Sai ta maƙale. "Inna, ina ganin nan da wata biyu..." Zaharaddeen ya ce ko shi zai faɗa? Ta ce ya rufa mata asiri, shi ai nasa ya fi muni.

Rana ta uku, babu sauran gudu. Bayan azahar suka isa Sa'alaba. Inna Sadiyya ta rungume ta ta gefe, a hankali, amma idonta ko sau ɗaya bai sauka ƙasa da haɓar Mastura ba. Ta kawo shayi, ta kawo tuwo miyar kuɓewa. Ta yi zancen ciwon gwiwa, ta yi zancen na'urar sanyaya ɗaki da ta lalace, ta yi zancen maƙwabciyar da ake ta fama da sabunta mata iƙama, takardar izinin zama. Duk wanda ya ga cikin nan a Jidda sai da ya tanka, ban da mutum ɗaya da ake so ta tanka.

Sau uku Mastura tana buɗe baki. Na ukun har ta kai ga "Inna, dama dai," Inna ta ce "Na'am?" sai ta ji kanta tana cewa miyar ta yi daɗi. Wayyo, ji ta yi kamar ta mari kanta. Zaharaddeen ya duba agogo, hanya da nisa, gobe aiki. Mastura ta miƙe zuciyarta a jagule, ta riga ta sallama.

"Af, na manta," in ji Inna. "Shiga ɗakin ciki ki ɗauko mini turaren da na ajiye miki a kan gado. Gwiwar nan ba ta barina."

Mastura ta tura ƙofa. Ɗakin an share shi fes, gado da sabon zanin gado. A kusurwa ga wata ƙatuwar tukunya sabuwa dal, kusa da ita ƙullin kanwa, da citta, da gero a bokiti. A kan gadon babu wani turare. Zanin goyo ne na saƙi, baƙi mai ratsin ja, gefensa ya ɗan zare. Ta san shi. Yana cikin tsohon hoton nan da mahaifiyarta ke goye da ita a ƙofar gida.

Ta zauna a bakin gado ta tusa fuskarta a ciki. Kukan da ta yi shekara biyu tana haɗiyewa ya ƙwace mata.

Inna ta dogaro bango ta tsaya a bakin ƙofa, idonta na kan tukunyar. "Zanin nan amanar Hafsa ne, ta ce in ajiye sai lokaci ya yi. Tun ranar da kika ce mini a waya albasar Yanbu wari take, na fiddo shi na wanke." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ɗaga murya yadda na falo zai ji. "Zaharaddeen! Watan gobe ka kawo mini yarinyar nan ta taya ni zama, ka ga gwiwa ta matsa mini. Kuma ba yau ba gobe za ka gan ta ba."

"To, Inna," ya amsa da sauri.

Mastura ta ninke zanin za ta sa a jaka. Inna ta karɓe, ta mayar kan matashi, ta ce ta bar shi nan tunda nan za a fara amfani da shi.